Taswirar Kibera a Ma'aunin Tarke: Tsara Bayani da Ƙarfafa Al'ummar Birni

1.0 Gabatarwa

A tarurruka irin wannan mun saba mu ɗora waƙa ko ƙagaggen labari ko wasan kwaikwayo a kan ma'auni, mu duba jigonsa da zubinsa da salonsa, sannan mu faɗi inda ya yi armashi da inda ya gaza. Wannan takarda za ta ɗan kauce wa al'ada, domin abin da za ta yi wa tarke taswira ce. Hujjarmu kuwa ita ce, taswira ma rubutu ce. Akwai wanda ya yi ta, akwai abin da ya zaɓa ya sa a ciki da abin da ya bari a waje, akwai kuma mutanen da ya nufa da ita. Duk aikin da ya haɗa waɗannan abubuwa uku ya cancanci a yi masa tarke.

Aikin da muka zaɓa shi ne taswirar unguwar Kibera ta birnin Nairobi a ƙasar Kenya, wadda aka fara a ƙarshen shekarar 2009 ƙarƙashin shirin da aka fi sani da Map Kibera. Mun zaɓe ta ne saboda tana cikin ayyukan da aka fi kafa hujja da su idan ana maganar amfani da fasahar zamani da tsara bayani don ƙarfafa al'ummar birni. Abin da muke nufi da tsara bayani shi ne sana'ar ɗaukar bayani mai yawa, mai sarƙaƙiya, a zuba shi cikin taswira ko jadawali ko zane, ta yadda ido zai kama shi da sauri, mai bukata kuma ya yi aiki da shi.

Ra'ayin da za mu kare shi ne: wannan taswira ta yi nasarar bayyana Kibera ga duniya tun a watanninta na farko, amma ba ta fara amfanar mutanen Kibera ba sai da ta sauko daga intanet ta koma kan takarda da bango, kuma ko a nan ma ƙarfinta bai wuce ƙarfin ƙungiyar da ta riƙe ta ba.

2.0 Kibera da Tarihinta

Kibera tana kudu maso yammacin tsakiyar Nairobi, tazarar kimanin kilomita 5, kuma faɗinta bai wuce murabba'in kilomita 2.5 ba. Layin dogon da ya tashi daga Nairobi ya nufi Kisumu ya ratsa ta. Asalin mazaunanta sojojin Nubi ne 'yan asalin Sudan, waɗanda suka yi wa Turawan Ingila aikin soja a Gabashin Afirka. A farkon ƙarni na 20 aka zaunar da su a wurin, a shekarar 1918 kuma aka ayyana fili mai faɗin eka fiye da 4,000 a matsayin keɓantaccen wurin soja. Sunan ma daga harshensu ya fito, wato Kibra, ma'ana daji. Turawa ba su ba su takardar mallaka ba, gwamnatin Kenya ma bayan samun 'yancin kai a 1963 ta ci gaba da ɗaukar filin a matsayin nata.

Daga baya jama'a daga sassan ƙasar suka yi ta kwararowa neman aiki, Luwo da Luhiya da Kamba da Kikuyu da sauransu, har Nubi suka zama 'yan tsiraru a wurin da suka sara. Akasarin mazauna 'yan haya ne a ɗakunan laka masu rufin kwano, kuma waɗanda suke karɓar kuɗin hayar ɗakin kawai suka mallaka, ƙasar da yake kai ba tasu ba ce. Wannan batu na mallakar ƙasa shi ne tushen duk wata matsala ta Kibera. Hukuma ba ta son jawo famfo ko gina magudana a wurin da take ɗauka zaman cikinsa haramtacce ne, mai ɗaki kuma ba ya son kashe kuɗi a ginin da za a iya rushewa gobe.

Kafin 2009, wanda ya buɗe taswirorin Nairobi da ke intanet zai tarar da Kibera kusan fili ne fetal, ba lungu, ba makaranta, ba asibiti. Abin mamaki shi ne, a wannan birni hedkwatar hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunan jama'a take, kuma ƙungiyoyin agaji da masu bincike sun daɗe suna shiga da fita a unguwar. Ashe ke nan bayani game da Kibera yana nan jibge, sai dai yana cikin durowar ofisoshi. Ko yawan mutanen wurin ba a daidaita a kansa ba. An daɗe ana cewa sun kai miliyan guda, sai ga ƙidayar jama'a ta 2009 ta ba da 170,070.

3.0 Yadda Aka Yi Taswirar

Amurkawa biyu ne suka assasa aikin, Erica Hagen da Mikel Maron, tare da haɗin gwiwar wasu ƙungiyoyin da ke aiki a unguwar. A watan Nuwamba 2009 suka ɗauki matasa 13 daga ƙauyukan da suka haɗu suka yi Kibera, irin su Makina da Gatwekera da Laini Saba da Kianda da Silanga da Soweto. Aka koya musu amfani da na'urar hannu ta GPS, wadda take karɓar saƙo daga tauraron ɗan'adam ta nuna wa mutum daidai inda yake tsaye. Kowane matashi ya bi lungunan ƙauyensu da ƙafa, yana ɗaukar matsayin wurin sayar da ruwa da banɗakin haya da ɗakin shan magani da makaranta da masallaci da coci da kanti. Idan ya dawo sai ya zauna gaban kwamfuta ya zuba abin da ya samo cikin OpenStreetMap, wato taswirar duniya da Steve Coast ya ƙirƙiro a Ingila a 2004, wadda kowa yake da ikon ƙara mata bayani, kowa kuma yake iya ɗauka kyauta. Cikin makonni 3 aka sami taswirar farko.

A shekarar 2010 aikin ya faɗaɗa. Aka shiga yin taswirori na musamman a kan lafiya da tsaro da ilimi da ruwa da tsafta. Aka kafa Voice of Kibera, inda mazauna suke aika rahoto ta saƙon waya ya fito a kan taswira. An gina shi ne a kan manhajar Ushahidi, kalmar Suwahili mai ma'anar shaida, wadda wasu 'yan Kenya suka ƙirƙiro a farkon 2008 don tattara labarin rikicin da ya biyo bayan zaɓen Disamba 2007, rikicin da ya ci rayuka fiye da 1,000 kuma ya yi tsanani a Kibera. Aka kuma kafa Kibera News Network, inda matasa suke ɗaukar labaran unguwa a bidiyo. Daga baya aka kai aikin unguwannin Mathare da Mukuru. Wannan shi ne aikin a taƙaice. Yanzu sai mu ɗora shi a ma'auni.

4.0 Jigo

Idan aka tambaye mu jigon taswirar farko cikin kalmomi kaɗan, sai mu ce: ga mu nan. Saƙonta shi ne cewa wurin da aka bari fari fat gari ne cike da mutane, da kasuwanninsu da makarantunsu da wuraren ibadarsu. Wannan jigo ya fita sarai, kuma bai bukaci dogon bayani ba. A ajiye tsohuwar taswira da sabuwa gefe da gefe, ko wanda bai taɓa jin sunan Kibera ba zai gane. Gani ya kori ji.

A nan dole a yaba wa aikin ta fuska biyu. Ta farko, ya sauya hoton da aka saba nunawa. Baƙon da ya shiga Kibera da kyamara bola da kwata yake ɗauka, amma ɗan unguwa da ya shiga da na'urar GPS abin da jama'a suka gina wa kansu ya ɗauka. Taswirar ta zama lissafin abin da ake da shi, alhali rahotannin da suka gabace ta lissafin abin da aka rasa ne. Ta biyu, 'yan unguwa ne suka yi zaɓen abin da zai shiga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma babu hoton tauraron ɗan'adam da zai iya bambance ɗakin shan magani da ɗakin kwana idan duka rufin kwano ɗaya ne.

Sai dai akwai tambayar da mai tarke ba zai tsallake ba: wa ake gaya wa "ga mu nan"? Matar da take zaune a Gatwekera ta san tana nan, ta kuma san inda take sayen ruwa da nawa take biya. Wanda bai sani ba shi ne jami'in gwamnati da ma'aikacin ƙungiyar agaji da ɗan jarida na ƙetare. Saboda haka jigon farko, duk da 'yan gida ne suka rubuta shi, baƙo aka rubuta wa. Wannan ba aibu ba ne a kan kansa, domin mai neman haƙƙi wajen mai riƙe da haƙƙin yake kai kuka. Aibun yana zuwa ne idan aka ɗauka cewa sanar da baƙo daidai yake da ƙarfafa ɗan gida, kuma irin wannan ruɗani ya cika yabon da jaridun ƙetare suka yi wa aikin a shekarunsa na farko.

5.0 Zubi da Tsari

Zubin taswirar farko aro ne. An tsara OpenStreetMap ne da tunanin garuruwan Turai, inda titi yake da suna, gida yake da lamba, kuma kowane gini yake da aiki guda. Kibera ba haka take ba. Hanyar da ake bi da ƙafa ita ce kuma magudanar ruwa idan damina ta zo. Ɗaki guda yana iya zama makaranta a ranakun aiki, ya zama coci ranar Lahadi. Mutane ba da sunan titi suke kwatance ba, da sanannun wurare suke yi, kamar yadda mu ma mukan ce bayan masallaci ko gaban mai shayi. Da aka zuba irin wannan gari a cikin wancan mazubi, sai aka sami ɗigo-ɗigo masu yawa cunkushe a ƙaramin wuri, kowane ɗigo daidai yake a inda aka sa shi, amma idon mai kallo bai san inda zai fara ba.

Kyakkyawan tsarin bayani yakan fara ne da tambaya guda, ya zubar da duk abin da bai amsa ta ba. Misali yana nan cikin Nairobi kanta. Ƙananan motocin haya da ake kira matatu su ne suke ɗaukar akasarin jama'ar birnin, amma hanyoyinsu a kan direbobi da 'yan kamasho kawai suke. Ɗaliban Jami'ar Nairobi, tare da masu bincike daga jami'o'in Amurka biyu, suka bi hanyoyi fiye da 100 da wayoyin hannu, aka fitar da taswira a farkon 2014. Masu zanen sun bi sawun Harry Beck, wanda ya tsara taswirar jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan da aka buga a 1933: kowace hanya da launinta, an miƙe lanƙwasa, an bar tasha da mahaɗa kawai. Tambayar da take amsawa guda ce, wato wace mota zan shiga, a ina zan sauka. Taswirar Kibera ta farko ba ta da tambaya irin wannan. Rumbu ce da aka tara hatsi a ciki, ba a kai ga tuƙa tuwo ba.

A ganinmu masu aikin sun gane wannan da wuri, kuma taswirorin 2010 su ne gyaran. Da aka ware tsaro daban, lafiya daban, ilimi daban, sai kowace taswira ta sami tambayarta. Hanyar da aka bi ma ta canja. Aka buga taswirar a manyan takardu, aka kira taron jama'a, aka shimfiɗa farar takarda mai shara-shara a kai, aka ba mutane alƙalami su zana abin da suka sani. A taswirar tsaro, 'yan mata suka nuna wuraren da suke tsoron bi da waɗanda suke samun mafaka. Muhimmancin wannan zai fito idan muka tuna rahoton da ƙungiyar Amnesty ta fitar a Yuli 2010, wanda ya nuna cewa mata da yawa a irin waɗannan unguwanni na Nairobi ba sa iya zuwa banɗaki da dare saboda tsoron fyaɗe. A taswirar farko banɗaki ɗigo ne kawai. A ta biyu an ga cewa tsakanin ɗaki da wannan ɗigo akwai duhu, akwai lungu, akwai haɗari. Bayani mafi daraja a duk aikin alƙalami ne ya kawo shi, na'urar GPS ba ta da hanyar auna tsoro.

6.0 Harshe da Masu Karatu

Kowane rubutu yana zaɓen masu karatunsa ta hanyar harshen da ya yi amfani da shi da kuma wurin da aka ajiye shi. An ajiye taswirar farko a intanet. A shekarar 2009 ɗin ne manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka iso gaɓar Kenya, kuma wayar da take hannun talaka a lokacin ta kira ce da saƙo da tura kuɗi ta M-Pesa. Mai son ganin taswirar sai ya je shagon intanet ya biya kuɗi, ya iya sarrafa kwamfuta, ya kuma iya Ingilishi, tun da rabe-raben wurare a OpenStreetMap da Ingilishi ake yin su, alhali harshen titi a Kibera Suwahili ne da Sheng, wato gaurayen harshen matasan Nairobi. Sakamakon haka, ɗalibi a wata jami'a ta Turai ya fi mai sayar da gawayi a Laini Saba sauƙin ganin lungun da mai gawayin yake zaune.

Bugu da ƙari, karatun taswira shi ma karatu ne da ake koya. Kallon gari daga sama kamar tsuntsu, da yarda cewa arewa tana saman takarda, da fahimtar ma'auni, duk ba abubuwa ne da ake haihuwar mutum da su ba. Wanda ya tsara bayani don jama'a wajibi ne ya fara daga yadda su suke kwatanta garinsu.

Nan ma gyara ya zo. An zana taswirar tsaro da fenti a jikin bango inda masu wucewa za su gani. Gabanin zaɓen 2013, wanda jama'a suka shiga da fargabar abin da ya faru a 2008, an buga taswirori a takarda masu nuna rumfunan zaɓe da wuraren da ake jin tsoron tashin rikici, aka rarraba. A 2014 aka yi shirin Open Schools Kenya, inda aka tattara bayanin makarantu fiye da 300 a Kibera, akasarinsu ba na gwamnati ba, kowace da hotonta da yawan ɗalibanta da malamanta da kuɗin da ake biya, aka kuma mayar wa makarantun taswirar a buge. A ra'ayinmu wannan shi ne ƙololuwar aikin. Yana da tambaya bayyananniya, yana da masu karatu sanannu, wato iyaye da shugabannin makarantu da jami'an ilimi, kuma ya nuna wa hukuma wani abu da zai yi wuya ta musanta: yaran unguwar da yawa a makarantun da ba ta lissafa da su suke karatu. Abin lura shi ne, duk matakin da aikin ya ɗauka na kusantar jama'a mataki ne na rage dogaro da na'ura.

7.0 Taswira da Iko

Saura tambaya mafi nauyi: shin taswirar ta ƙara wa mutanen Kibera iko a kan makomarsu? Kafin mu amsa, ya kamata mu gyara wani labari da masu wannan fanni suke yawan kafa hujja da shi. Akan ce a 1854 likita John Snow ya zana taswirar waɗanda kwalara ta kashe a unguwar Soho ta Landan, taswirar ta nuna famfon titin Broad, sai hukuma ta cire hannun famfon. Gaskiyar magana ita ce, an cire hannun famfon ranar 8 ga Satumba 1854, kwana guda bayan Snow ya je da kansa gaban hukumar unguwar ya yi musu bayani, taswirar kuwa daga baya ta fito. Mutum ne ya kai magana inda ake yanke hukunci, taswira ta zo ta zama shaida. Ko a wancan misali da ake alfahari da shi, taswira ba ta yi tafiya da ƙafarta ba.

A watan Yuli 2018 motocin rusau suka shiga Kibera don buɗe hanyar da za ta haɗa titin Ngong da na Langata. An rushe gidaje da makarantu, kuma Amnesty ta ƙiyasta cewa mutum kimanin 30,000 ne suka rasa matsuguni. A lokacin Kibera ta shekara kusan 9 a kan taswira, kuma tana cikin unguwannin talakawa da aka fi sani a duniya. Babu mai cewa hukuma ba ta san akwai mutane a wurin ba. Wannan ya rushe zaton da aka gina yabon farko a kansa, wato cewa rashin gani ne ya jawo rashin kulawa. Sau da yawa hukuma tana gani, ta kawar da kai da gangan. Ba adalci ba ne a ɗora wa matasa masu zanen taswira laifin abin da ba su da ikon hanawa, amma adalci ne a ce taswirar da ta ƙirga famfo da banɗaki, ta bar tambayar wa ya mallaki ƙasa da wa yake zaune a kanta, ta kauce wa ainihin ciwon.

Mu kwatanta da abubuwa biyu da suka faru a shekarar 2017. A watan Yuni Shugaba Uhuru Kenyatta ya miƙa wa al'ummar Nubi takardar mallakar eka 288 a Kibera, bayan gwagwarmayar shekaru masu yawa da dattawansu suka yi ta hanyar koke da shari'a. A watan Agusta kuma gwamnatin birnin Nairobi ta ayyana Mukuru a matsayin yanki na musamman da za a tsara tare da mazaunansa. A bayan wannan akwai Muungano wa Wanavijiji, haɗaɗɗiyar ƙungiyar mazauna irin waɗannan unguwanni, wadda ta samo asali tun 1996. Ita ma tana tattara bayani, tana zana taswira, amma tsarinta daban ne. Tana farawa da ƙungiyoyin adashi, 'yan adashin su bi gida-gida su ƙirga mutane da ɗakuna, sannan a ɗauki alƙaluman a je teburin ciniki da hukuma. A wurinsu ƙungiya ce gaba, bayani yana biye. A Map Kibera bayani ne ya zo da fari, aka dawo ana neman wanda zai riƙe shi.

Akwai kuma batun guminsu waɗanda suka yi aikin. Binciken da Evangelia Berdou ta Cibiyar Nazarin Raya Ƙasa da ke Sussex a Ingila ta fitar a 2011 ya tabo saɓanin da ke tsakanin aƙidar bayar da bayani kyauta da bukatar matasan ta samun abin sakawa a bakin salati. Ɗan sa-kai na OpenStreetMap a Turai yana da albashinsa, zanen taswira nishaɗi ne gare shi. Matashin Kibera kuwa yinin da ya yi yana yawo da na'ura yini ne da bai nemi na abinci ba. Idan bayanin da ya tara ya zama na kowa, mai bincike ya ɗauka ya sami digiri, ƙungiya ta ɗauka ta sami tallafi, me ya rage masa? Kafa Map Kibera a matsayin ƙungiya mai rajista a Kenya, da matasan a cikinta, yunƙuri ne na amsa wannan tambaya, kuma ya cancanci yabo, ko da yake dogaro da tallafin waje yana sa aiki ya bi abin da mai ba da kuɗi yake so a auna.

8.0 Abin da Ya Shafe Mu

Wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Daga wajen 2012, masu yaƙi da cutar shan-inna a jihohin Arewacin Nijeriya, har da Kano, sun maye gurbin taswirorin da ake zanawa da hannu da waɗanda aka ɗauko daga hoton tauraron ɗan'adam, aka kuma ba ayarin masu rigakafi wayoyin da suke nuna inda suka taka. Ta haka aka gano matsugunan da ba sa cikin lissafi. Aikin ya taimaka, kuma a Agusta 2020 aka tabbatar da kawar da ƙwayar cutar ta daji daga nahiyar Afirka. Amma waɗannan taswirori na hukuma ne, an yi su don ma'aikaci ya sami jama'a. Tambayar da Kibera ta bar mana ita ce yadda za a yi taswirar da jama'a za su sami hukuma da ita.

Muna da abin da za a gina a kai. Mai unguwa ya san gidajen unguwarsa, ƙungiyoyin taimakon kai da kai suna yashe kwata kafin damina, 'yan sintiri sun san lungunan da ba fitila, mata suna da adashinsu. Duk wanda zai kawo na'ura unguwannin da suka tsiro a gefen biranenmu ba tare da tsari ba, ya fara zama da waɗannan, ya ji tambayar da take damunsu, ko ambaliya ce ko ruwan sha ko takardar fili. Ya rubuta sakamakon da Hausa, da boko da ajami inda ya dace, ya manna a ƙofar mai unguwa, ya kai gidan rediyo. Nan ne mu masu nazarin harshe muke da rawar takawa, domin mabuɗin taswira da sunayen wurare da kalmomin ma'auni duk aikin harshe ne.

9.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun duba taswirar Kibera ta fuskar jigo da zubi da harshe da kuma iko. Mun ga cewa jigonta na farko ya fita sarai amma baƙo ya fuskanta, zubinta aro ne da bai dace da garin ba sai da aka rarraba ta bisa tambayoyi, kuma ba ta sami masu karatu a gida ba sai da ta koma takarda da bango. Mun kuma ga cewa rusau na 2018 ya nuna iyakar abin da bayyana kaɗai zai iya yi, alhali abin da Nubi da mutanen Mukuru suka samu a 2017 ya fito ne daga ƙungiya mai haƙuri da naci.

Hukuncinmu shi ne, Map Kibera aiki ne mai daraja, kuma babbar darajarsa ita ce masu yin sa sun yarda su gyara shi a bainar jama'a, mataki bayan mataki. Wanda zai kwaikwaye shi ya kwaikwayi gyaran, kada ya tsaya a makonni ukun farko da suka fi yin suna. Muna kuma ba da shawarar cewa duk wani aiki irin wannan da za a kawo gabanmu a yi masa tambayoyi huɗu: wace tambaya yake amsawa, wa zai iya karanta shi, a hannun wa zai zauna bayan baƙi sun tafi, kuma gaban wa za a kai shi. Muna fata mahalarta wannan taro za su faɗaɗa waɗannan tambayoyi, musamman ta fuskar samar da kalmomin taswira da na ƙididdiga a Hausa, domin wannan fage ne da yake bukatar hannu da yawa.